DAKTA ANDREW STIRRETT, BATURE MAI MAGANI (1865–1948)

A lokacin murnar jubili irin wannan ya kamata a tuna da waɗanda suka share gona tun ba a haife mu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Andrew Park Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani. Filin aikinsa ƙasar Nijeriya ne, daga bakin kogin Kwara zuwa duwatsun Jos. Amma labarinsa ya shafe mu, mu da ke nan Tamale, gama hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da ƙasar Dagwamba tsohuwa ce, ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Ta nan fatake su kan biyo da jakunansu, su ratsa Yandi, su sauka Salga garin sayen goro. Harshen da suka zo da shi har wa yau ana jinsa a zangon Tamale da cikin kasuwa. To, wannan harshe da masu shi su ne Dakta Stirrett ya ba dukan sauran ransa dominsu, kuma duk wanda ya taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a garin nan ya ci daga cikin wahalarsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

An haife shi a shekara ta 1865 a wani ɗan ƙauye da a ke kira Camlachie, a jihar Ontario ta ƙasar Kanada. Da ya girma ya koyi aikin haɗa magunguna, ya kafa kantin magani a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa cinikinsa albarka har ya mallaki dukiya da gidaje. Ya kuma shiga karatun likita. Mutum ne gajere, ba shi da wani kwarjini na jiki, ba shi da yawan magana. Har ya wuce shekara 35 yana zaune cikin rufin asiri, ba wanda zai dube shi ya ce wannan zai bar kantinsa ya tafi wata ƙasa.

Kafin mu ci gaba, sai mu koma baya kaɗan, domin a gane irin ƙofar da ya ƙwanƙwasa. Ran 4 ga watan Disamba, 1893, waɗansu samari uku suka sauka Ikko, watau Legas: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Nufinsu su kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a zamanin nan, watau faɗin ƙasar baƙar fata da ke kudu da hamada, har da ƙasar Hausa da tamu duka. Ba su da wata babbar ƙungiya a bayansu, ba su da kuɗi. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare biyu sun mutu: Gowans a Girku, kudu da Zariya, Kent kuwa a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai. A 1900 ya sake gwadawa, zazzaɓi ya kayar da shi tun a Ikko, aka mai da shi gida. Sai a karo na uku waɗanda aka aiko suka sami wurin zama a Patigi, cikin ƙasar Nufe, a 1902. Wannan ƙungiya ita ce daga baya aka sani da suna Sudan Interior Mission, ko S.I.M. a taƙaice. A lokacin da Stirrett ya ji labarinta ba ta da abin nunawa sai kaburbura biyu da ɗan gida guda a bakin Kwara.

Wata 'yar takarda da Bingham ya rubuta a kan nawayar ƙasar Sudan ita ce ta faɗa hannunsa. Ya karanta, abin ya tsaya masa a rai, ya kasa sauke shi. Ya je ya miƙa kansa. Shugabannin mishan suka yi ta jan ƙafa, kuma in an dubi abin da idon mutum suna da hujja: samari masu jini a jika sun mutu a can, ina ga mai shekara 37? Shi kuwa bai tsaya jiran hukuncinsu ba. Ya ɗauki dukiyarsa ya danƙa wa mishan, ya shiga jirgin ruwa mai dakon shanu ya haye zuwa Ingila. A birnin Libaful ya zauna ya koyi sanin cututtukan ƙasashe masu zafi. Da suka ga mutumin nan ba ya komawa da baya, suka sallama masa. Kafin ƙarshen shekara ta 1902 ya iso Patigi.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya tambaya, me zai sa mai hankali, ɗan kasuwa wanda ya san lissafin riba da faɗuwa, ya yi haka? Waɗansu za su ce tausayi ne. Lalle yana da tausayi, amma tausayi kaɗai ba ya kai mutum shekara 46. Ya kan ƙone kamar wutar kara, ya bar toka. Waɗansu za su ce son yawon duniya ne, amma mai son yawo ba ya tsayawa wuri ɗaya kowace yamma shekara da shekaru yana maimaita magana guda. Ni a ganina amsar tana cikin koyarwar da ke cikin wasiƙun Manzo Bulus, wadda Stirrett ya karɓa da gaske, ya kuma zauna a kanta. A cikin Galatiyawa 2:20 Bulus ya nuna cewa ran da mai bi ke rayuwa da shi na Kristi ne wanda ke zaune a cikinsa. A cikin 1 Korintiyawa 6:19 da 20 ya nuna jikin mai bi ɗakin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tamani, ya fita daga hannun mai shi na dā. Hausawa kan ce abin da ke cikin aljihu na mai riga ne. In Ubangiji ya saye rigar, ya kuma sa ta, ai kantin magani da gidajen Toronto da ke cikin aljihunta nasa ne. Da wannan lissafi Stirrett ya yi aiki. Bai ɗauki abin da ya bayar a kan kyauta ba, balle ya jira godiya. Ya mai da wa Mai shi kayansa ne.

Mu da yawa mun haddace ayoyin nan tun muna makarantar mishan, mu kan kuma rera su a waƙa ran Lahadi. Bambancin shi ne, a wurinsa maganar ta sauko daga baki ta shiga aljihu, ta shiga ƙafafu, ta shiga agogo.

Abu na fari da wannan bangaskiya ta haifa a Patigi zai ba waɗansu mamaki, gama ba wa'azi ba ne, kwinin ne. A zamanin nan zazzaɓin cizon sauro shi ne ke kashe Turawa a Afirka ta Yamma, har a ke kiran ƙasar kabarin Bature. Ba a daɗe da gano cewa sauro ke ɗauke da cutar ba. Wani likita Ronald Ross ya tabbatar da haka a 1897, makarantar Libaful kuwa inda Stirrett ya yi karatu an kafa ta a 1898. Watau da sabon sani ya zo. A cikin masu bi na wancan zamani akwai waɗanda ke ganin shan magani rashin bangaskiya ne, wai wanda ya dogara ga Allah addu'a ta ishe shi. Stirrett bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Ya kafa wa ma'aikatan mishan doka: a sha kwinin kowace rana, lafiya ko ba lafiya, ba sai zazzaɓi ya kama ba. Ba ya sassauci a kan wannan. Mutuwar da ta yi ta cin na fari ta ragu ƙwarai, aikin ya sami tsayawa da ƙafafunsa. Bingham kansa daga baya, a 1921, ya buga littafi a kan abin da Littafi Mai Tsarki ke koyarwa game da jiki da warkarwa, inda ya tsaya a kan cewa magani ba ya gāba da bangaskiya.

Ku duba yadda abin ya haɗu. In jiki ɗakin Allah ne, ashe mai gadin ɗaki ba shi da izini ya bar gara ta ci shi, sa'an nan ya ce wai yana nuna dogara. Wanda ya yi banza da lafiyarsa ya yi banza da kayan Wani. Wannan magana har yanzu tana da wurin zama a cikinmu, gama a kan sami ɗan'uwa da zai kwana uku yana addu'a a kan yaro mai zazzaɓi bai kai shi asibiti ba, ga asibitin kuwa a bakin hanya. A yi addu'a, a kuma ɗauki yaro a tafi. Dakta da ya fi mu tashin asuba haka ya koyar. Gaskiya ne, ba dukan dokokinsa ne suka tsaya ba. Ya matsa wa mutane ƙwarai a kan sa hular kwano saboda rana, kamar yadda Turawan zamaninsa duka suka gaskata. Likitocin baya sun ga tsoron ya yi yawa, hular ma an daina ta. Ɗan zamaninsa ne, ba mala'ika ba. Amma a kan kwinin ya yi daidai, ya kuma rubuta littafin magani domin ma'aikatan da ke zaune a daji inda ba likita, su duba su taimaki kansu da maƙwabtansu.

A 1904 mishan ta buɗe wuri a Wushishi, a bakin kogin Kaduna, kusa da Zungeru inda Gwamna Lugga ya kafa hedkwatarsa. A nan Stirrett ya sami abin da zuciyarsa ke nema, watau Hausawa. Garin yana kan hanyar fatake masu sauka kudu da masu hawa arewa. A wannan lokaci kasuwar Salga ta riga ta faɗi, tun yaƙin basasa na 1892, goron Ashanti da yawa kuma ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can a yi dakonsa zuwa ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa bai kai Kano ba sai 1911. Saboda haka ayari bayan ayari ke wucewa a ƙasa, da madugu da jakai da 'yan alaro, in rana ta yi sanyi su yada zango a bayan gari.

Wanda ya san zango ya san abin da ke cikinsa da dare: ƙafafu masu faso, gyambo, kurkunu, ciwon ido, gudawa, da baƙon da ya kwanta rashin lafiya nesa da danginsa, ayari kuwa ba ya jiran kowa. Nan ɗan gajeren Baturen ya kan bi su da akwatin magani. Ya wanke miki, ya ɗaure, ya ba da abin sha, sa'an nan ya buɗe baki da Hausa ya gaya musu labarin Yesu. Gobe da asuba sun tashi, wataƙila ba zai ƙara ganinsu ba har abada. Fataken nan su suka raɗa masa sunan da ya bi shi har kabari, su ne kuma suka ɗauki sunan suka kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Galibinsu Musulmi ne, kuma galibinsu a Musulmi suka tashi. Bai sa karɓar maganarsa ta zama kuɗin magani ba. Wanda ya saurara an ɗaure masa miki, wanda ya juya baya shi ma an ɗaure masa. Wannan abu ne da ya kamata mu da ke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi a Tamale mu riƙe da hannu biyu. Ubangiji da ke cikin mai bi shi ne wanda ya warkar da kutare goma, alhali ya san ɗaya kaɗai zai komo ya yi godiya, kamar yadda Luka ya ba da labari a sura 17.

Bai yi aure ba. Abincinsa da tufafinsa da ɗakinsa duk na talaka ne. Amma akwai abu guda da ba ya tsumulmula a kansa, shi ne lokacin addu'a. Kullum kafin ƙarfe 4 na asuba ya tashi, ya zauna gaban Ubangijinsa da Littafi a buɗe, tun gari bai waye ba, tun marasa lafiya ba su taru a ƙofa ba. Wanda ya ke so ya san inda ƙarfin yamma ke fitowa, sai ya dubi asubar nan. Rijiya ba ta ba da ruwa sai idonta na ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A cikin Yohanna sura 15 Ubangiji ya kwatanta kansa da kuringar inabi, masu binsa kuwa rassa, ya nuna reshen da ya rabu da gindi ba ya 'ya'ya. Mun sha ganin ma'aikata masu himma da suka fara da gudu, bayan shekara biyar sun gaji, sun yi tsami, sun fara ƙirga abin da aka yi musu da abin da ba a yi musu ba. Aikinsu na kirki ne, amma daga cikin tulu su ke ɗiba, tulu kuwa ya kan ƙare.

Babban aikin da ya bar mana shi ne hannun da ya sa cikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fara juya waɗansu sassa, da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu. Amma juya Littafin dukansa ya jira zamanin Dakta Walter Miller na mishan C.M.S., wanda ya zauna birnin Zariya tun 1905, shi ne kuwa jagaban aikin. Stirrett na cikin waɗanda suka zauna tare da shi a kansa, da waɗansu Turawa, da Hausawa masu bi waɗanda harshen nasu ne. Aiki ne na shekaru, mai cin ido da haƙuri, a yini a kan aya guda ana neman kalmar da Bakano zai gane, Basakkwace kuma ba zai yi tuntuɓe da ita ba. A 1932 aka buga shi cikakke. Ya kuma yi wahala a kan littafin waƙoƙin sujada na Hausa.

Ku lura da shekarar. A 1913 'yan mishan na Basel suka zauna Yandi, Yaƙin Duniya na Fari ya tashe su bayan 'yan shekaru. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret, na mishan Assemblies of God, suka gangaro daga ƙasar Mosi suka sauka Yandi. Shekara guda bayan haka Littafin Hausa ya fito. A wancan lokaci harsunan arewacin ƙasarmu ba su sami nasu Littafin ba tukuna, Hausa kuwa ita ce harshen zango da na barikin soja. Ashe tun ana share gona a ƙasar Dagwamba, Allah ya riga ya tanadi iri a wani rumbu can gabas. An sake juya Littafin Hausa daga baya domin harshe ya kan sāke, amma a kan harsashin na 1932 aka yi gini.

Da mishan ta mai da hedkwatarta Jos a cikin shekarun 1920, nan ya zama mazauninsa. Jos gari ne da haƙar kuza ta tara, Hausawa daga Kano da Katsina da Zariya da Bauchi sun cika shi, 'yan kasuwa da leburori. Kowace yamma Dakta ya kan tafi kasuwa, ya hau kan wani dutse saboda gajartarsa, ya buɗe babban hoto na labarin Littafi Mai Tsarki, ya yi wa'azi da Hausa. Da damina da rani haka. Ya tsufa, gashi ya yi fari, bai fasa ba. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ƙiyasta ya yi wa'azi wajen sau 20,000 a zamansa na Nijeriya.

Sai mu faɗi abin da ke da wuyar faɗi. In da yawan tubabbu a ke auna mai bishara, da ma'aunin Stirrett bai yi nauyi ba. Girbi mai yawa na S.I.M. a zamaninsa ya fito ne daga waɗansu gonaki: ƙasar Yagba inda Tommy Titcombe ya zauna a Egbe tun 1908, da ƙasar Gwari, da Kagoro, da Tangale. Cikin Hausawan da ya fi ƙauna, waɗanda suka bi kaɗan ne. Bugu da ƙari, shekaru da yawa Gwamnatin Ingila ta hana 'yan mishan zama cikin manyan ƙasashen sarakuna, saboda alkawarin da ta yi na ba za ta taɓa addininsu ba. Yana ji yana gani, Kano da Katsina da Sakkwato suna rufe gare shi. Wani da ya ga haka da ya nemi a sāke masa gona, ko ya koma gida da baƙin ciki. Shi bai yi ko ɗaya ba. Wanda ya san Maigida na tare da shi a cikin ɗaki, ba ya tsayawa ƙirgar dami kafin ya san ko an karɓi aikinsa. Na yi imani wannan ne ya tsare shi daga ɗacin rai, wanda ya fi zazzaɓi kashe masu bishara.

Allah kuwa ya ja ransa har ya ga ƙofa ta fara buɗewa. A ƙasar Faransa ta wancan lokaci, watau Nijar ta yau, mishan ta zauna Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1933 ta sami wuri a Kano. Kafin shekarun 1930 su ƙare aka danƙa mata kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Abin lura ne, ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga wa'azi kaɗai ta buɗu ga masu wankin miki, watau ta hanyar da Bature Mai Magani ya bi tun a zangon Wushishi, shekara 30 kafin nan.

Bingham ya rasu a 1942. Stirrett ya ƙara shekara shida a bayansa, yana nan Jos yana aikinsa, bai koma Kanada ya huta kamar yadda tsofaffi kan yi ba. Ran 9 ga watan Yuli, 1948, Ubangiji ya kira shi, yana da shekara 82. A cikin shekarar nan wani ma'aikacin mishan, Douglas Percy, ya buga tarihinsa da Turanci. Shekara biyu bayan rasuwarsa aka buɗe asibitin Galmi a tsakiyar Hausawan Nijar, a 1954 kuma ekklesiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. a Nijeriya suka haɗu suka zama E.C.W.A., a lokacin yawancinsu a arewa da Hausa su ke sujada, da Littafin da ya sa hannu a cikinsa.